Sanarwar Aure Ta Uku

Sau uku ke nan Hadassah tana rage kwat ɗin nan.

Ita ta ɗinka shi da hannunta a shagonta da ke kasuwar Sabo, ruwan toka mai maɓalli uku, saboda Daniel ɗan yayarta Comfort, wanda zai zama ƙaramin ango ranar aurenta ita Hadassah da Istifanus. Ranar da ta auna shi a watan Janairu har tsiya ta yi masa, wai tumbinsa zai cinye mata yadi. Yau kuma ga ta zaune a bakin gadonsa a ɗakin yara na asibiti, allura a hannu, tana ƙara matse kafaɗun.

Daniel ya buɗe ido a hankali. Shekararsa shida, amma wuyan hannunsa bai fi na ɗan yaye ba.

"Anti, kin sake yankewa?"

"Ban yanke ba, Dan. Ninkewa na yi ta ciki."

"To kar ki yanke. Zan yi ƙiba kafin ranar."

"Na sani."

"Kwana nawa ya rage?"

"Sha ɗaya."

Ya ɗaga yatsu zai ƙirga, robar ƙarin ruwa ta ja hannunsa, sai ya haƙura. Hadassah ta sunkuyar da kai kamar zare ne ya kuɓuce mata, don kar ya ga idonta.

Tun da aka haifi yaron nan bai taɓa cika wata biyu lafiya lau ba. In ba ƙuraje masu ƙaiƙayi ba, to kunne ne ke ruwa; in kunne ya bushe tari ya karɓa, ga haɓon da ba ya jin tsayawa. Kaluluwa kuwa ta zama 'yar gida, ta fito a wuya ko a hammata, ta yi sati ta koma. Shi ya sa da wata ta fito masa a gefen wuya lokacin Kirsimeti, babu wanda ya ɗaga kai. Comfort ta riƙa gasa masa da ruwan ɗumi tana shafa man zafi, Mama kuma ta ce, "Irin tasa ce, za ta tafi."

Ba ta tafi ba. Wata huɗu suna gasawa tana girma, ba zafi ba raɗaɗi, yaro yana ramewa yana jiƙa filo da gumi. Sabo da ciwo ne ya cuce su, ba rashin so ba. Da aka yanki ɗan nama daga wurin aka auna, sai likita ta ce ciwon daji ne.

Wata nas ta leƙo ta ce, "Likita na son ganin matan gidan. Ta ce dukanku."

*

Dakta Irene 'yar ƙaramar mace ce daga Filato, ba ta da hayaniya. Ta zaunar da su ukun, Mama da Comfort da Hadassah, ta jawo farar takarda da biro.

"Mama, 'ya'ya nawa kika haifa?"

"Huɗu. Ga biyu a gabanki."

"Sauran biyun fa?"

Mama ta gyara bakin zaninta. "Sun koma."

"Maza ne?"

Mama ta ɗago da sauri. "Wa ya faɗa miki?"

"Ba wanda ya faɗa mini, Mama. Tambaya nake."

Shekara ashirin ba a ambaci sunayen nan a gidansu ba, yau sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ben, wanda ya tafi yana da shekara huɗu, zazzaɓi da jinin da ya ƙi tsayawa. Joseph, wanda ya kai tara, wuyansa da cikinsa suka kumbura. Da likita ta matsa da tambaya, har Mama ta tuno da ƙanenta da ya rasu a ƙauye tun tana yarinya, shi ma jikinsa duk ƙuraje.

Dakta Irene tana ji tana zane. Namiji ta zana masa ɗan akwati, mace ta zana mata zobe. Duk wanda ciwon ya taɓa sai ta cike nasa da baƙi. Da ta gama ta juyo musu da takardar: akwati huɗu baƙaƙe wuluk, zobba kuwa duk farare.

"Kowane jiki yana da masu gadi a cikin jini," in ji ta, "su muke kira garkuwar jiki. Aikinsu biyu ne. Suna korar cutar da ta shigo daga waje, suna kuma kama abin da ya fara lalacewa a ciki tun bai yi yawa ba. Daniel da masu gadi marasa ƙarfi aka haife shi. Shi ya sa kullum yana ciwo, shi ya sa kuma daji ya sami hanya. Ba kowane yaro mai wannan matsala ne ke kamuwa da daji ba, amma haɗarinsu ya fi na sauran yara nesa ba kusa ba, musamman dajin da ke kama kaluluwa. Yaro irin Daniel, in kumburi ya ƙi sauka, ba a zaman jira."

Comfort ta dafe ƙirji ta fashe da kuka.

"Ba don in ɗora miki laifi na faɗa ba, Maman Daniel. Ba wanda ya taɓa gaya miki. Mun fara ba shi magani, sai dai a hankali za mu bi, don jikinsa ba zai ɗauki abin da na wani yaro zai ɗauka ba."

Ta mayar da kan biro kan takardar, ta bi layin da ya haɗa zobba da akwatuna.

"Irin wannan gado ne, kuma ta wajen uwa yake bi. Mace tana ɗauke da shi lafiyarta lau, ba ta sani ba. 'Ya'yanta maza ne yake nunawa a jikinsu."

Hadassah ta buɗe jaka, ta zaro katin nan da ta kai wa kwamitin aure na coci, wanda har leda ta sa aka manna masa don kar ya lalace.

"Likita, ai ni AA ce. Shi ma AA ne. Kwamiti sun duba, har tafi aka yi mana, aka ce jininmu fes."

Dakta Irene ta karɓi katin ta duba, ta mayar mata da hannu biyu.

"Wannan sikila kaɗai yake dubawa, ƙanwata. Abin da nake magana a kai ba ya fitowa a nan."

"To ni ina ɗauke da shi?"

"Rabi da rabi ne. Akwai gwaji, amma ba a nan ake yi ba, sai an aika da jinin. Zai kai sati shida. In ya nuna ba ki da shi, shi ke nan, kin fita. In ya nuna kina da shi, duk ɗa namijin da za ki haifa, shi ma rabi da rabi ne."

Sati shida. Aure kuwa saura kwana sha ɗaya.

Mama kuwa tun ɗazu idonta na kan zoben da aka rubuta sunanta a ƙasa. Can ta yi magana da wata 'yar murya da Hadassah ba ta taɓa ji ba.

"To ba Mary ba ce?"

Likita ba ta gane ba, amma 'ya'yan sun gane. Mary ƙanwar marigayi babansu ce a ƙauye wajen Zonkwa. Shekara ashirin Mama ba ta gaishe ta ba, don ta rantse a gaban dangi cewa Mary ce ta cinye mata 'ya'ya maza da maita.

*

Da yamma Hadassah ta tarar da Mama a tsakar gidansu na Unguwar Boro tana wanke acca, tana rairayar tsakuwa daga wannan ƙwarya zuwa waccan. Wanda ya gan ta zai ce ba abin da ya faru, sai dai sau biyu tana zubar da acca ta bar tsakuwar.

"Zauna," in ji Mama ba tare da ta ɗago ba. "Abin da muka ji yau, a ɗakin likita muka bar shi."

"Mama, dole Istifanus ya sani."

"Dole? Kwamiti takarda uku suka nema, ta sikila, ta ƙanjamau, ta ciki. Kin ba su. Wa ya tambaye ki ta huɗu?"

"Ba su san da ita ba ne."

"To mu ma jiya ba mu sani ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Hadassah. An yi sanarwa biyu a coci, ranar Lahadi za a yi ta uku. Zumuntar matan coci sun ɗinka anko. Kina so in zama abin nuni a Unguwar Boro? A ce ga matar da jininta ke kashe maza?"

"Ba wanda zai ce haka."

"Ni na san bakin mutane, ai da shi na yi wa Mary." Ta sa bayan hannu ta share ido. "Mijin Comfort tun da ya ji ciwon daji ne bai sake zuwa asibiti ba. Ke kaɗai kika rage mini da zan ga aurenki ya tsaya."

"In na haifi yaro irin Daniel fa? Me zan ce wa Istifanus ranar?"

"Ki ce ikon Allah ne."

"Ƙarya ke nan, Mama, tunda na sani."

Mama ta ajiye ƙwaryar.

"To in gaskiyar kike so, ga wata hanya. Victor yana nan. Shekara biyu yana bin ki kina yi masa yanga. Matarsa ta bar masa 'ya'ya uku, biyu maza. Ba haihuwa yake nema ba. Na kira shi ɗazu, na gaya masa komai."

Hadassah ta miƙe tsaye.

"Kin gaya wa Victor? Wanda zan aura bai sani ba, Victor ya sani?"

"Uwa ce ni. In wannan ƙofa ta rufe, ba zan bar ki a waje ba."

Washegari kuwa sai ga Victor a ƙofar shago, da motarsa da ledar lemo da ayaba wai a kai wa Daniel. A Rido yake aiki, kusa da matatar mai. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, amma mutum ne mai kunya, har ya kasa haɗa ido da ita.

"Sista Hadassah, ban zo don in ci ribar kukanki ba," in ji shi. "Na zo ne ki san cewa a wurina wannan magana ba komai ba ce. In kin haihu, to. In kin ce ba za ki haihu ba, to. Yarana suna bukatar uwa, ni kuma kin san yadda nake ji tun da can."

"Na gode, Oga Victor."

"Ba yau nake neman amsa ba."

Ta bi motarsa da kallo har ta sha kwana. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne maganarsa ta yi mata daɗin ji, alhali ko ɗigon sonsa babu a ranta.

*

Ranar Alhamis da rana ta hau keke napep zuwa Kakuri, inda Istifanus yake da wurin walda. Ta same shi a durƙushe yana haɗa kan gadon ƙarfe, tartsatsi na tashi. Gadonsu ne. Sati uku yana yi yana ɓoye mata, wai sai ranar za ta gani.

Ya cire baƙin tabarau ya yi dariya. "Kin ɓata mini shiri, madam. Rufe idonki."

Ba ta yi dariya ba. Ya dube ta da kyau, ya kashe janareta.

A kan benci a bayan shago ta shimfiɗa masa takardar likita. Ta nuna masa akwatuna da zobba, ta faɗa masa duk abin da aka faɗa musu, ba ta rage ko ɗaya ba. Da ta zo kan nata zoben, wanda likita ta sa wa alamar tambaya a ciki, sai ta ɗora yatsa a kansa kawai.

Istifanus ya daɗe yana kallon takardar.

"Rabi da rabi aka ce," in ji shi. "Ke nan zai yiwu ba ki da shi."

"Zai yiwu kuma ina da shi."

"Ko kina da shi, ke nake so. Ba akwati na zo aura ba, ba zobe ba. Shekara huɗu, Hadassah. Tun ina yaron shago ba ni da ko injin kaina kike kawo mini abinci a kula. Yanzu takarda ɗaya ce za ta raba mu?"

Hawaye suka zubo mata. Abin da ta so ji ke nan, kuma shi ne abin da ta ji tsoron ji.

"To a ɗaga auren sati shida, mu ga sakamako. Kuma ka gaya wa Mamanka."

Nan fuskarsa ta canja. Mama Dorcas, mahaifiyarsa, mata biyar ta haifa kafin ta same shi, mijinta kuma ya rasu Istifanus yana goye. Duk Unguwar Television sun san ta riga ta raɗa wa jikan da ba a haifa ba sunan marigayin.

"Abeg, bar Mama a gefe tukuna," in ji shi. "Kin san ta. In aka ɗaga ranar nan, ba za ta sake yarda a sa wata ba. A ɗaura kawai. Bayan an ɗaura, duk abin da ya fito, ni zan san yadda zan yi da ita."

"Kai da mamata bakinku ɗaya ke nan."

"Ni don ina son ki na faɗa."

"Ita ma don tana so na ta faɗa." Ta share fuska da gefen gyale. "Istifanus, matar nan ta kira ni 'yarta tun ranar farko. Ita ta koya mini miyar karkashin da kake so. In shiga gidanta da wannan abu a ɓoye, in durƙusa in gaishe ta kowace safiya? Ranar da ta ɗauki jikanta ta ga ƙuraje a jikinsa, ta ga jini ya ƙi tsayawa, da wane ido zan kalle ta?"

"Ba zai faru ba. Allah ba zai bari ba."

"Comfort ma addu'a take yi. Mama ma ta yi, sau biyu."

Ya mayar da idonsa kan takardar.

"Ba ka san abin ba ne," in ji ta a hankali. "Kai Daniel mai wasa ka sani, mai hawa wuyanka. Ba ka taɓa riƙe shi ana neman jijiya a hannunsa ba. Ba ka taɓa jin ya ce, 'Anti, ki ce su bari, zan sha maganin.' Ni zan iya zama ba haihuwa, zan iya ɗaukar maraya in raina, zan iya komai tare da kai. Abin da ba zan iya ba shi ne in fara da ƙarya."

Istifanus ya rufe fuskarsa da tafukan nan nasa masu tabon wuta, kafaɗunsa suka fara rawa. Ba ta taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

"In na gaya mata na rasa ki," in ji shi.

"In ba ka gaya mata ba ma ka rasa ni, sai dai ba ranar ba."

Ya ɗago, idanunsa jajir. "Ba ni zuwa Lahadi. Kafin a shiga sujada a coci zan gaya mata. Na yi miki alkawari."

"Ka zo ka ga Daniel tukuna."

Ya zo ranar Asabar da safe, da 'yar motar wasa da ya ƙera da guntayen ƙarfe. Daniel ya yi murna har ya nemi a sa masa kwat ɗin don Kawu Isti ya gani. Ana cikin sa masa hannun riga haɓo ya ɓalle. Hadassah ta fizge kwat ɗin gefe ta tallafe kansa, nas ta rugo da auduga. Minti arba'in kafin ya tsaya.

Da ta fito ta sami Istifanus a baranda ya jingina goshi da bango.

"Kullum haka yake?" ya tambaya.

"Yau da sauƙi."

Ya riƙe hannunta ya matse, ya saki, ya tafi.

*

Rana ba ta ƙarya, in ji Hausawa, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Lahadi ta zo da ɗan yayyafi, coci ya cika har ana ƙaro benci daga ajin yara.

Hadassah tana hawa matakala ta ji an rungumo ta ta baya.

"Amaryata, 'yata," in ji Mama Dorcas, fuskarta sai sheƙi take, ta sha ɗaurin zumunta sabo fil. "Kin rame. Jinyar yaron nan ce, ko? Ubangiji ya tashi kafaɗunsa. Ki ci abinci, kin ji? Jiya na yi mafarki ina goye da Baba ƙarami, wai har yana ja mini ɗankunne."

Ta yi dariya ta shige ciki.

Hadassah ta tsaya a ƙofa kamar an kafe ta. Ta hango Istifanus a benci na uku kusa da inda mahaifiyarsa ta je ta zauna. Ya waiwayo, idonsu ya haɗu, ya sauke nasa ƙasa. Ba sai an gaya mata ba.

Ta je ta zauna kusa da Mama. An yi waƙa, ba ta ji ba. An yi karatu, ba ta san daga wane littafi ba. Jakarta tana kan cinya, a ciki akwai takardar likita da kwat ɗin Daniel, wanda ta wanke ɗigon jinin da ya taɓa wuyansa za ta kai masa bayan sujada.

Baba Fasto ya hau bagade ya gyara tabarau, ya buɗe takardar sanarwa.

"Wannan ita ce sanarwa ta uku, kuma ta ƙarshe, ta aure tsakanin ɗanmu Istifanus da 'yarmu Hadassah, wanda za a ɗaura ranar Asabar mai zuwa in Ubangiji ya yarda."

Mata suka rangaɗa guɗa, wani ya buga ganga sau biyu. Baba Fasto ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Kamar yadda muka saba, in akwai wanda ya san wani dalili da zai sa a dakata da auren nan, ya faɗa yanzu."

Shekara talatin yana karanta wannan layi, bai taɓa ɗaga kai daga takarda ba, don ba a taɓa amsa masa ba. Har ya fara ninke ta.

Mama ta ji motsin 'yarta, ta damƙe bakin zaninta ta ƙasa. "Hadassah," ta ce cikin raɗa, "don girman Allah. Don nonon da kika sha."

Hadassah ta ɗora hannu a kan na Mama, ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya a hankali. Ta miƙe.

Guɗar ta mutu a bakin masu yin ta. Baba Fasto ya cire tabarau.

"'Yata, wani abu ne? Ko ba ki jin daɗi?"

"Ni ce mai dalilin, Baba."

"Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani." Har bencin baya an ji muryarta. "Akwai ciwo a jinin gidanmu da ke kama yara maza. Shi ya ɗauki 'yan'uwana biyu, shi ya kwantar da Daniel. Ban sani ba ko ina ɗauke da shi, sai nan da sati shida. Ina roƙo a dakata, don Mama Dorcas ba ta sani ba, kuma tana da hakkin ta sani. Ina son Istifanus. A gaban Allah da ikilisiya nake faɗa, ina son sa."

Cocin ya yi tsit, sai ƙarar yayyafi a kan kwano. Kusa da ita Mama ta kifa kai a cinya tana kuka ba sauti.

Hadassah ba ta dubi Baba Fasto ba, ba ta dubi ɗaruruwan idanun da suka juyo kanta ba. Benci na uku kawai take kallo. Taku goma ne tsakaninsu. In ya miƙe ya zo ya tsaya kusa da ita, duk abin da zai biyo baya za ta iya ɗauka.

Ta ga ya dafa bencin gaba da hannu biyu, ya yunƙura.

Mama Dorcas ba ta waiwayo ba. Hannunta kawai ta ɗora a kan gwiwar ɗanta.

Hadassah ta jira. Baba Fasto ya ninke takardar sanarwar ya sa a aljihu, ya ce a buɗe littafin waƙa, jama'a suka fara laluben shafi. Ita dai tana tsaye, ta rungume jakarta da kwat ɗin Daniel a ciki, tana jira har aka gama baitin farko.

Istifanus bai tashi ba.